Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Takardar Sakandare da Shirin Shiga Jami'a a Ƙasar Birnin Gwari

Duk shekara idan damina ta yi nisa, wajen watan Agusta, hukumar WAEC kan saki sakamakon jarrabawar kammala sakandare, NECO kuma ta biyo baya da nata. A wannan lokaci tambaya ɗaya ce ke yawo a majalisu da zaurukan gidaje, daga Kaduna har Saminaka ta ƙasar Birnin Gwari: yaron ya samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi? In ya samu, sai a yi hamdala, a fara lissafin kuɗin rajista. In bai samu ba, sai a ce Allah ya kai mu baɗi. Akwai tambaya ta biyu da ba a cika yin ta ba, alhali ita ce ke yanke makomar yaron bayan an gama murna. Shin wanda ya riƙe wannan takarda zai iya zama a ɗakin lakca ya fahimci abin da ake faɗa, ya karanta babi guda shi kaɗai, ya rubuta shafi biyu da tunanin kansa? Ra'ayina shi ne takarda da shiri sun daɗe da raba hanya a ƙasar nan, kuma a wuri irin Birnin Gwari abin da ya raba su sananne ne, wato kwanakin karatu da aka ƙwace wa yara ba a biya su ba. Maganin da hukumomi suka fi kawowa shi ne sassauta ƙofar shiga, kuma sassauta ƙofa ba ya mayar wa yaro da ko darasi ɗaya.

Mu fara da alƙaluman da kowa ke iya gani. A 2014, kimanin kashi 31 cikin 100 na waɗanda suka zauna WAEC a Nijeriya ne suka samu kiredit biyar da Turanci da lissafi. A 2016 adadin ya haura kashi 52, a 2019 ya kai 64, a 2021 kuma ya taɓa kashi 81 da ɗoriya. Daga nan ya ɗan sauko zuwa 72 a 2024. Wanda ya kalli wannan jeri kaɗai zai ce ilimin sakandare ya ninka fiye da sau biyu cikin shekara bakwai. To amma shekarar da aka fi cin jarrabawar, 2021, ita ce ta biyo bayan rufe makarantu na watanni saboda annobar korona, ita ce kuma shekarar da satar ɗalibai ta fi ƙamari a Arewa maso Yamma. Hankali ba ya ɗaukar cewa karatu ya kai ƙololuwa daidai lokacin da azuzuwa suka fi zama a kulle. Sai kuma abin da ya faru a 2025, inda WAEC ta fara sanar da kashi 38, bayan 'yan kwanaki ta ce an yi kuskure wajen makin wasu takardu, ta gyara zuwa kusan kashi 63. Ma'aunin da ke tsalle haka ba zai isa shaida kan abin da ke cikin kan yaro ba.

Ma'auni na biyu shi ne jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 ake yin ta da kwamfuta gaba ɗaya. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, sauran darussa uku 40 kowanne, jimillar maki 400. A 2024, cikin mutum kusan miliyan 1.8 da aka saki sakamakonsu, kimanin miliyan 1.4 ba su kai maki 200 ba. A 2025 ma, sakamakon farko ya nuna fiye da miliyan 1.5 cikin kusan miliyan 1.95 suna ƙasa da 200. Ma'ana, uku cikin kowane huɗu ba su ci rabin makin ba. Waɗannan kuwa yawancinsu su ne masu riƙe da kiredit biyar ɗin nan, ko masu shirin karɓar ta bayan wata uku. Manhaja kusan ɗaya ce, yaran su ne dai, amma jarrabawa ɗaya ta ce bakwai cikin goma sun ƙware, ɗayar ta ce uku cikin huɗu ba su kai tsakiya ba.

Za a ce, kuma da gaskiyar mai faɗa, ita ma JAMB ba tsarkakakkiya ba ce. A watan Mayun 2025 shugabanta, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya nemi afuwa har da hawaye, bayan an gano matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas. Za a kuma ce jarrabawa ce ta jera mutane daga na sama zuwa na ƙasa domin rabon guraben da ba su isa ba, ba ta da ci ko faɗuwa. Ga kuma yaron ƙauye da watakila ranar jarrabawar ce karo na farko ko na biyu da ya ɗora hannu kan kwamfuta, yana neman inda harafi yake lokaci na tafiya. Duk na yarda. Sai dai kuskuren na'ura na shekara ɗaya a wasu jihohi bai bayyana abin da ke maimaituwa shekara da shekaru a ƙasa baki ɗaya ba. Akwai kuma shaida ta uku daga jami'o'in kansu, domin tun 2005 suka ƙirƙiro tasu jarrabawar tantancewa bayan ta JAMB, an soke ta a 2016, aka dawo da ita a 2017. Malamin jami'a ba ya ƙara wa kansa aikin tantance dubban mutane sai don ya daina amincewa da takardar da ake miƙo masa.

Dalilin rashin amincewar ba ɓoyayye ba ne. WAEC da kanta kan riƙe sakamakon ɗalibai masu yawa bisa zargin satar amsa: fiye da 365,000 a 2022, fiye da 215,000 a 2024. Kowa ya san makarantun da ake kira mirakul santa, inda uba ke biyan kuɗi a rubuta wa ɗansa amsa a kan allo. Ba yaran nake tuhuma ba, domin ɗan shekara sha bakwai ba shi ya gina wannan kasuwa ba. Kuma ko inda ba a saci amsa ba, akwai wata hanya ta halal da ke kai wa ga sakamako iri ɗaya, wato a bar koyar da darasi a koma haddace tambayoyin shekarun baya. Yaro na iya cin kiredit a kimiyyar sinadarai bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba sai makon firaktikal.

Yanzu mu dawo gida, mu bi sawun yaro ko yarinyar da suka shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare a Saminaka ko wani gari na ƙasar Birnin Gwari a watan Satumban 2018, waɗanda bisa ƙa'ida suka kammala a 2024. Wata huɗu kafin su shiga, a watan Mayun 2018, an kashe mutum fiye da 40 a harin ƙauyen Gwaska, kuma hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta riga ta zama abin tsoro ga duk matafiyi. Suna aji biyu, a watan Maris na 2020, korona ta rufe makarantu har tsawon watanni. Suna aji uku, a watan Fabrairun 2021, aka kwashe ɗalibai daga kwalejin kimiyya ta Kagara a jihar Neja, maƙwabciyarsu. A watan Maris aka kwashe 39 daga kwalejin gandun daji ta Afaka, bayan kwana huɗu 'yan bindiga suka shiga makarantar firamare ta Rama a cikin ƙaramar hukumar Birnin Gwari suka tafi da malamai uku. A watan Mayu aka ɗebi yaran Islamiyyar Tegina, a watan Yuli aka ɗebi fiye da 120 daga makarantar Bethel Baptist a Chikun, gwamnatin jihar Kaduna ta rufe wasu makarantu, ta kuma ɗage komawar sauran. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamban wannan shekara aka katse layukan waya a yankin, aka hana kasuwannin mako da hawan babur, wanda shi ne abin hawan malamin ƙauye. A farkon 2022 makarantun gwamnatin jihar suka koma karatun kwana huɗu a mako. Sai ranar 7 ga Maris 2024, saura 'yan makonni su zauna JAMB, aka kwashe yaran makarantar Kuriga da ke kan hanyarsu ta zuwa Kaduna, 137 suka dawo bayan kwana 17. A takarda an rubuta cewa waɗannan yara sun yi shekara shida a sakandare. Duk wanda ya bi wannan jeri ya san ba shekara shida ta karatu suka samu ba.

Kuma ranakun da aka sanar an rufe makaranta su ne ƙaramin ɓangare na asarar. Akwai ranar da makaranta ke buɗe amma malamin lissafi ya nemi canjin wurin aiki ya koma birni, ba wanda zai ga laifinsa. Akwai zangon da iyali suka yi gudun hijira suka sauka gidan dangi a cikin gari, yaro ya shiga ajin da ya cika ya batse, ko bai shiga ko'ina ba. Akwai gidan da kuɗin fansa ya cinye gona da shanu, babban ɗa ya bar aji ya tafi wurin haƙar zinare. Akwai 'ya macen da iyayenta suka ga hanyar makaranta ta fi ƙarfin zuciyarsu, suka aurar da ita. Mutanen wannan ƙasa manoman masara ne, sun fi kowa sanin cewa aikin damina ba ya jira. In aka tsallake noman farko da zuba taki a kan lokaci, ba wata dabarar da za a yi ranar girbi ta cika rumbu. Lissafi haka yake, domin kowane darasi a kan na jiya yake zaune. Wanda ya rasa rabe-raben lamba a aji ɗaya zai yi ta tuntuɓe a aljabara, wanda ya rasa aljabara kuwa kimiyyar fiziks ta rufe masa ƙofa, ko da ya fi kowa kaifin ƙwaƙwalwa.

Ramin ma ya fara tun kafin sakandare. A 2017 gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, 21,780 suka kasa kai makin da aka gindaya, aka sallame su. An yi ta jayayya kan adalcin wannan jarrabawa da yadda aka yi korar, kuma jayayyar tana da tushe. Amma yaran da muke bin sawunsu a hannun wannan tsari suka yi firamarensu, kafin korar da kuma cikin ruɗanin da ya biyo bayanta. Binciken gidaje da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021 ya gano cewa kimanin ɗaya cikin huɗu ne kawai na yaran Nijeriya 'yan shekara 7 zuwa 14 ke iya karanta ɗan gajeren labari su amsa tambayoyi a kansa. Yaron da bai iya karatu da Hausar da yake mafarki da ita ba, aka ɗora masa kimiyya da Turancin da ba ya ji a gida ko kasuwa, dole ya koma hadda. Hadda na iya fitar da shi WAEC. Ba ta fitar da shi aji ɗaya na jami'a, inda malami ɗaya ke magana da ɗaruruwan ɗalibai ya wuce, ba mai tambayar ko ka gane, kuma wanda makinsa ya yi ƙasa sosai a kan ja masa kunne shekara ɗaya, sannan a sallame shi.

Me hukumomi suka yi game da wannan? A 2017 aka saukar da mafi ƙarancin makin shiga jami'a zuwa 120 cikin 400. Daga 2022 zuwa 2024 yana kan 140, a 2025 aka ɗaga shi zuwa 150. A watan Oktoban 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sanar cewa kiredit a lissafi bai zama dole ga masu neman fannonin adabi da harsuna ba. Ga kuma tsohon tsarin rabon gurabe a jami'o'in tarayya: kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, 20 ga jihohin da aka bari baya a ilimin boko. Masu kare wannan sassauci suna da hujja mai nauyi, kuma ba na raina ta. Sukan ce ba adalci ba ne a auna ɗan Saminaka da ya yi karatu cikin ƙarar bindiga da mudu ɗaya da ɗan makarantar kuɗi a Abuja, kuma maki 170 da aka samu a irin wannan hali na iya nuna hazaƙar da ta fi 250 na wanda aka yi wa komai. Gaskiya ne, shi ya sa ba na goyon bayan a soke kason. Abin da nake musu shi ne a ɗauka cewa aikin ya ƙare a bakin ƙofa. Hazaƙa daban, shiri daban. In aka shigar da yaro mai hazaƙa ajin injiniya ba tare da lissafin da ake ginawa a kai ba, an ɗage ranar faɗuwarsa ne kawai zuwa lokacin da ubansa ya riga ya sayar da amfanin gona biyu ya biya rajista da ɗakin kwana. Wannan faɗuwa ba ta fitowa a jarida kamar sakamakon WAEC. Yaron kan dawo gida shiru, ya ɗora laifin a kan kansa, ƙannensa kuma su ɗauki darasin cewa boko ba nasu ba ne.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne Arewa ta taɓa fuskantar irin wannan giɓi, kuma ta magance shi ta wata hanya dabam. Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962 ta rasa isassun 'yan Arewa masu takardar shiga, sai a 1970, zamanin shugabancin Farfesa Ishaya Audu, ta buɗe makarantar share fage a Samaru. Ana ɗauko masu alamar ƙoƙari daga sakandare, a zaunar da su a koya musu abin da suka rasa, sannan su shiga digiri da ƙafarsu. Jihohi suka kafa kwalejoji irin wannan a Zariya da Kano da sauran wurare, kuma a ta Zariya ce marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya koyar kafin ya shiga siyasa. Jarrabawar IJMB da jami'ar ke kula da ita har yau daga wannan tunani ta fito. Kano kuma a 1977 ta buɗe sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ta zaɓo yara da jarrabawa, ta ba su malamai da ɗakunan gwaji da wurin kwana, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can sun cika asibitoci da ma'aikatun Arewa. A duka misalan biyu ba a rage abin da ake nema daga ɗalibi ba, lokaci da malami aka ƙara masa. Har yanzu Jami'ar Ahmadu Bello na da makarantar share fage a Funtuwa, wadda hanya ta haɗa ta da Birnin Gwari kai tsaye, Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004 ita ma tana da tata. Matsalar ita ce share fage ya koma abin da mai hali ke saya wa ɗansa, alhali wanda aka ƙwace wa shekarun karatu ne ya fi cancanta da shi.

Wani zai ce duk wannan magana ce ta bayan an samu zaman lafiya, a fara da tsaro tukuna. Ba mai musun cewa rai ya fi takarda. A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi 'yan bindigar da suka ajiye makamai, aka sake buɗe kasuwar kara bayan shekaru tana rufe, motoci suka dawo hanya. Mutane sun bambanta kan wannan sulhu da ɗorewarsa, amma ko a ɗauka ya ɗore har abada, kasuwa da makaranta ba iri ɗaya suke farfaɗowa ba. Ranar da aka buɗe kara, ranar ake ciniki. Ranar da aka buɗe aji, yarinyar da ta bar karatu tana aji huɗu na firamare ta dawo tana da shekarun aji biyu na sakandare, kuma in aka zaunar da ita bisa shekarunta aka ci gaba da manhaja daga shafin da ake, za ta yi shekaru tana kallon allo ba ta gane komai. Don haka lafawar rikici ita ce lokacin da aikin biyan bashin karatu ya kamata ya fara gadan-gadan.

Akwai kuma masu cewa ba kowa ne zai je jami'a ba, a bar yara su koyi sana'a ko su tafi kwalejin ilimi. Sana'a abin girmamawa ce, kuma mai gyaran sola ko injin ban ruwa shi ma yana bukatar karatu da lissafin da muke magana a kai. Batun kwalejin ilimi kuwa shi ne ya fi damuna a duk wannan al'amari. Mafi ƙarancin makin shiga kwalejojin horar da malamai ya daɗe a kan 100 cikin 400, wato rubu'i. Mun mayar da aikin koyarwa wurin da ake tura wanda ya fi kowa rauni a jarrabawa, bayan shekara uku mu ba shi alli mu tura shi ƙauyen da ƙwararru suka ƙi zuwa, ya koyar da ƙannensa abin da shi ma ba a koya masa ba. Haka giɓin shekara shida ke zama na zuriya guda.

Abin da ya dace a yi bai fi ƙarfin jiha ba. A farkon kowace shekarar karatu a gwada kowane yaro a makarantun yankin, gwaji na minti kaɗan, a ga ko yana karanta sakin layi da Hausa da Turanci, ko yana iya raba lamba. Sannan a ware awa ɗaya ko biyu kullum a raba yara bisa matakin da suke, ba bisa ajinsu ba. Wannan hanya daga Indiya ta fito, an kuma gwada ta da Hausa a Wudil da Dawakin Tofa a jihar Kano, littattafan koyon karatu da Hausa irin su Mu Karanta da aka yi amfani da su a Sakkwato da Bauchi kuma suna nan. Malamin Turanci da lissafi da kimiyya da ya yarda ya zauna a Saminaka ko Randagi ko Kuyello a ba shi alawus da muhallin da zai sa zaman ya yiwu. Ɗaliban da suka gama sakandare a ƙananan hukumomin da rikici ya shafa tsakanin 2018 da 2024, gwamnati ta ɗauki nauyin shekara guda ta share fage ga duk wanda ya ci gwajin shiga, a Funtuwa ko Kaduna ko a cikin Birnin Gwari kanta, tare da kwamfutocin da zai saba da su kafin ranar JAMB. Kuma ma'aikatar ilimi ta jiha ta riƙa bayyana wa jama'a, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, kwana nawa aka yi karatu a zahiri a kowace makaranta, malaman lissafi nawa ke bakin aiki, ɗalibai nawa suka shiga manyan makarantu, nawa daga cikinsu suka tsallake shekarar farko. Da waɗannan alƙaluma a hannu, kwamitin iyaye da malamai na Saminaka da masarautar Birnin Gwari za su san takamaiman abin da za su je Kaduna su nema, da sunan makarantar da adadin malaman da ta rasa.